Yadda ake maye gurbin sabar firinta ta Windows da CUPS

Ofishin da ke da Windows da Mac da Linux a cakuɗe, ga kuma wayoyin ma'aikata, ba lallai sai ya biya lasisin sabar Windows ba kafin ya raba firinta. CUPS, wanda Michael Sweet ya fitar a 1999, Apple ya saya a 2007, yana yin aikin kyauta, kuma ko tsohuwar kwamfuta ta ishe shi.

Fara da biro da takarda. Zagaya ka rubuta samfurin kowace firinta da adireshinta na IP, sannan ka kafe adireshin a rauta, don kada a ɗauke wuta a kawo ka tarar ya canja.

Ɗora Debian ko Ubuntu a kwamfutar da za ta zama sabar, ka shigar da cups da avahi-daemon. Saka sunanka cikin rukunin lpadmin, ka ba da umarnin cupsctl --share-printers. Shafin gudanarwa yana ƙofa ta 631, da burauza ake shiga.

Inda gizo ke saƙa shi ne direba. Firintar da ke jin IPP Everywhere ko AirPrint ba ta buƙatarsa ko kaɗan. Layi ɗaya ya wadatar, inda Akawu shi ne sunan da ka ba firintar:

lpadmin -p Akawu -E -v ipp://192.168.1.50/ipp/print -m everywhere

Tsofaffin firintoci kuwa sai an lallaɓa su: a haɗa su ta ƙofa ta 9100, a nemo direbansu a HPLIP idan na HP ne, ko a Gutenprint. Buga gwaji na gaske, gaba da baya, daga tire na biyu, da launi. Manyan injinan fotokwafi masu neman lambar sirri kafin su buga su suka fi ba da wahala, domin sau da yawa direban Windows kaɗai ya san wannan tambayar. Wadda ta ƙi, a ganina gara ka bar ta a tsohon tsari da ka ɓata mako kana kokawa da ita.

Mac da Linux da wayoyi za su ga firintocin da kansu ta hanyar Avahi, muddin suna kan layi ɗaya da sabar. A Windows 10 da 11 kuwa, zaɓi ƙara firinta da hannu ka rubuta http://adireshin-sabar:631/printers/Akawu. Ba ka buƙatar manhajar Samba sai idan akwai tsofaffin Windows, ko ana son izini ya bi ta Active Directory.

Kada ƙofa ta 631 ta leƙa intanet. A Satumban 2024 an gano ɓaraka a cups-browsed. Idan ba ka amfani da shi, kashe shi.

Mayar da sashe ɗaya tukuna, sauran su ci gaba da tsohuwar sabar har a wuce bugun takardun albashi na ƙarshen wata. Wanda ya ce takardarsa ba ta fito ba, duba /var/log/cups/error_log kafin ka tashi daga kujera.