Kafin ka biya kuɗin lesin ɗin lissafi

Da an ce jarrabawar WAEC ko NECO ta matso, sai ka ga iyaye daga Gumel har Sule Tankarkar sun bazama neman malamin lesin. Suna da hujja, domin in ba kiredit a lissafi, da wuya a samu gurbin jami'a. Amma yaron da rabawa ta kufce masa tun firamare, wata biyu na aljabara ba za su ɗinke wannan ɓaraka ba.

Saboda haka, ranar farko ka roƙi malam ya gwada yaron da lissafin ajujuwan baya, ya faɗa maka inda ya tsaya. Wanda ya zo da tsoffin takardun jarrabawa yana sa yaro haddar amsa, a sallame shi cikin mutunci. In ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel za ka ɗauka, ka nemi wanda ya san halinsa.

Awa ɗaya sau uku a mako ta isa, kada ta ci lokacin Islamiyya. A zauna a zaure ko tsakar gida inda babba ke gani, musamman in 'ya mace ce.

Kai ma ka riƙa leƙa littafin yaron. In rubutun malam ya fi na yaron yawa, kallo kawai yake yi. Ran Alhamis in kun shiga kasuwar Maigatari, faɗa wa yaron kuɗin mudun gero, ya fitar da na mudu bakwai da canjin da za a ba ku, ya kuma faɗi yadda ya yi. Kuɗin malam kuwa, wata-wata za ka biya, kada ka biya na zango gaba ɗaya.