Yadda Ake Auna Taruwar Taurari

Ga wani darasi da na ga ya kamata mu sani.

Taurarin sama ba a warwatse suke kara zube ba. Gungu-gungu suke, babban gungu ɗaya kuwa yakan ƙunshi taurari biliyoyi. Masana sun ce sararin samaniya ya kai shekara biliyan 13.8, kuma da farko komai a shimfiɗe yake bai ɗaya, bambancin bai wuce ɗaya cikin 100,000 ba. Sannu a hankali inda ya ɗan fi nauyi ya riƙa jawo na kusa da shi. To, da wane sauri?

Hanya ta farko ƙidaya ce. Ana duba yadda gungu ke kusantar gungu, kamar mai lura da yadda ƙauyuka suka yi jerin gwano a bakin Gulbin Sakkwato daga Maradun zuwa Bakura. Amma yawancin nauyin da ke sama ba ya ba da haske, balle a ƙirga shi.

Hanya ta biyu ta fi burge ni. Wanda ya taɓa leƙa tsakuwa a cikin ruwan magudanar Bakolori ya san siffarta takan karkace, alhali tsakuwar lafiyarta lau; ruwan ne ya lanƙwasa haske. Einstein ya nuna a 1915 cewa nauyi ma yana lanƙwasa haske, aka kuma gwada haka ranar kusufin rana na 29 ga Mayu, 1919 a tsibirin Principe, kudu da Nijeriya. Saboda haka siffar gungu mai nisa takan iso mana a ɗan karkace, wajen ɗaya cikin ɗari kacal. Sai an haɗa miliyoyi ake gane nauyin da hasken ya ratsa. A 2000 aka fara cin nasarar wannan awo.

Akwai tarko kuma. Gungu maƙwabta sukan juya gefe ɗaya tun asali, kamar dawar da iska ta kwantar a gona. Dole a ware wannan, in ba haka ba lissafi ya ɓaci.

Da yake hasken nesa tsohon haske ne, gwada na nesa da na kusa yana nuna yadda taruwar ta ƙaru. In sakamakon ya saɓa wa lissafin Einstein, littattafanmu na kimiyya sai an gyara su. Don wannan aiki Turai ta harba madubin hangen nesa Euclid ranar 1 ga Yuli, 2023, domin ya auna sulusin sama.