Filin Gwaggo: Surukata Ta Ce Kwandishina Iyayi Ne

 Ni matar aure ce, shekarata 24, ina zaune a Gusau, wata goma sha ɗaya ke nan da kai ni ɗakina. Gashina ne ya hana ni sukuni. Tun ina budurwa nake sa rilaksa. Yanzu duk lokacin da na taje kai sai kum ya cika da guntayen gashi, gaban goshina kuma ya fara cinyewa. Nakan bar kitso ya yi wata biyu kafin in tsefe, in wanke da sabulun wanka, in datti ya yi yawa in haɗa da garin omo. Mai salun ta ce dole in riƙa sa kwandishina. Surukata ta ce iyayi ne da ɓarnar kuɗin ɗanta, su a zamaninsu ba su san shi ba, amma gashinsu har gadon baya. Ga maƙwabciyata Bashuwa, ita ma ta ce ba ta damu da shi ba, gashinta kuwa sai sheƙi yake yi. Abin da ya fi yi min ciwo, rannan maigidana ya ce cikin wasa wai kaina yana “tashi”. Na yi dariya a gabansa, na shiga ɗaki na yi kuka. Gwaggo, wa zan bi?

’Yarki mai damuwa, daga Gusau.

Sannu ’yata. Share hawayenki tukuna, sannan ki matso kusa in ja miki kunne.

Omo? A kanki? Haba ɗiyata! Kan naki zanen gado ne ko tsumman goge-goge? Abin da aka yi don ya cire manja daga tufa shi kike zuba wa gashin da rilaksa ta riga ta gajiyar, sannan ki zo kina tambayata dalilin karyewarsa. Gashin nan ma ya yi miki kara da har yanzu akwai saura a kanki.

Maganar maigida kuma na san ta yi zafi. Babu macen da za a ce wa kanta yana tashi ta kwana da farin ciki, balle amarya da ko shekara ba ta rufa ba. Amma ki gode Allah da ya faɗa miki a ɗaki cikin wasa. Wani ba zai faɗa ba, sai dai ki ga yana juya miki baya a shimfiɗa, ki yi ta zargin an yi miki asiri ko ya hango wata. Hannunka mai sanda ya yi miki, kuma abin yana da magani.

Bari in fara nuna miki yadda gashi yake, don in kin gane wannan, ba sai kin sake tambayar kowa ba. Kowane silin gashi yana da ɓawo a bayansa, an jera shi wani kan wani kamar yadda ake jera shuci a jinkar ɗaki. In jeren ya kwanta, gashi ya yi santsi da sheƙi, ya riƙe danshinsa. In ya tashi tsaye, silin nan ya riƙa sarƙe ɗan’uwansa, kum ya zo ya tsinke su. Sabulun wanka da omo da kanwa duk suna tayar da ɓawon nan. Rilaksa ta fi su duka, domin sinadari mai ƙarfi ne a ciki, aikinta ta kutsa cikin silin ta karya abin da ke riƙe murɗinsa har ya miƙe. Kwandishina shi ke bi ya kwantar da ɓawon, ya lulluɓe silin da santsi, kum ya wuce salin-alin.

Sai abu na biyu. Allah Ya sa fatar kanmu tana fitar da nata maiƙon. Ga mai miƙaƙƙen gashi, maiƙon yakan gangara daga tushe har ƙarshe ba wahala. Ga mai gashi irin namu mai ƙananan murɗi, hanyar duk kwana ce, maiƙon yakan tsaya a tushe, bakin gashin ya bushe ƙamas. Shi ya sa maƙwabciyarki take tsallake kwandishina ta kwana lafiya, ke kuwa in kin tsallake sai kum ya ba ki labari. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Ki daina auna kanki da kan Bashuwa.

Yanzu surukarki. Kada ki kuskura ki yi musu da ita, don tana da gaskiyarta, sai dai ta manta rabin labarin. Ki same ta da yamma bayan ta yi sallar la’asar, ki ce, “Mama, da me kuke wanke kai a da?” Na san za ta ambaci karkashi, ko ganyen magarya. To yauƙin karkashin nan da suke jiƙawa su cuɗa a kai, gashi ya yi laushi ya warware ba tare da an yi kokawa da shi ba, ai aikin kwandishina ke nan. A Chadi har gobe mata suna amfani da shi, can suna kiransa ambunu, yanzu ma har ƙulla shi ake a leda ana kai wa Turai da Amurka. Bayan wanki kuma iyayenmu sukan bi da man shanu ko man kaɗanya, a kitse nan take. Kuma su ba su sa rilaksa ba, ba su san abin busar da gashi mai hura zafi ba, ba su ɗaura gashin doki mai nauyi a gaban goshi ba. Gashinsu bai sha wuyar da naki ya sha ba. Saboda haka amsarki a taƙaice: e, ke kam kina bukatarsa, duk wankin kai, babu fashi. In na kwalba ya fi ƙarfin aljihu a wani watan, karkashi yana nan a kasuwa.

Ga yadda za ki yi.

Kada kitso ya ƙara kai wata biyu a kanki ba wanki. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba masu irin gashinmu shawarar wanke kai sau ɗaya a mako ko sau ɗaya a mako biyu, tare da kwandishina a kowane wanki. Ki yi kitson da za ki iya tsefewa bayan mako biyu, in ya daɗe uku.

In kin tsefe, kada ki kai kan ruwa kai tsaye. Ki shafa ɗan mai, ki warware da yatsu, ki raba gida huɗu ko shida. Gashin da za ki ga ya fito a lokacin kada ya tsorata ki. Kowane mutum yakan zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitso ne ya riƙe su suka taru. Ki duba dai: dogon sili mai ɗan farin ɗigo a tushe, wannan zubar ɗabi’a ce. Guntaye marasa ɗigo kuwa karyewa ce, irin taki ke nan.

Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba.

Shamfu na fatar kai ne. Ki cuɗa da tsokar yatsu, ki ajiye farce. Kumfar da ta gangaro ta ishi sauran gashin.

Kwandishina na gashi ne. Ki matse ruwan, ki shafa daga tsakiyar gashi zuwa bakinsa, inda ya fi tsufa da bushewa. Ki bar shi minti uku zuwa biyar. Yana kai ɗin ki taje da kum mai manyan haƙora, ki fara daga baki ki hau zuwa tushe. Sannan ki ɗauraye sosai.

Kada ki murje kai da tawul kamar mai goge tukunya. Ki naɗe da tsohuwar riga ta auduga ta tsotse ruwan.

Mai yana zuwa ne a ƙarshe, gashi yana da sauran danshi. Man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun ba su shayar da gashi, rufe ƙofa suke yi kada danshin ya gudu. In kin lafta mai a kan busasshen gashi, kin rufe randar da babu ruwa a ciki.

Rilaksa kuma, in har ba za ki iya rabuwa da ita ba, ki ba da tazarar wata biyu zuwa uku, kuma a sabon tsiro kaɗai. Maimaita ta a kan gashin da ya riga ya miƙe, garin neman gira ne a rasa ido. Ki kuma gaya wa makitsiyarki ta sassauta hannu a gaban goshi. Kitson da zai hana ki barci, ko ya fito miki da ƙuraje a bakin goshi, ko sai kin sha maganin ciwon kai, yana tuge gashi ne daga saiwarsa. In aka daɗe ana yi, wurin yakan mutu, kuma babu man da zai tayar da shi.

Sai maganar tashin kai, wadda na san ita ce ta sa ki ɗaukar biro. Mu matan aure ba sai an yi dogon bayani ba, ruwa yana yawan taɓa kanmu, sau da yawa ma da asuba. Sai mace ta fito daga wanka, ta maka ɗankwali a kan jiƙaƙƙen kitso, ta ɗora hijabi, ta shiga kicin. Danshi da gumi da tsohon mai su haɗu a rufe tun safe har dare, yau da gobe har wata biyu. Ko tufa kika ninke da danshi ai kin san abin da za ki tarar. Ki tsane kitson da kyau, ki zauna a ɗakinki kai buɗe, ko gaban fanka, sai ya bushe kafin ki rufe. Ki riƙa wanke ɗankwali da hular da kike sawa a ƙarƙashin hijabi, da rigar matashin kai. Turaren wuta da humra suna da daɗi a kan tsafta, amma a kan datti faɗa suke yi, kuma datti ne ke yin nasara.

To, ku sauran ’ya’yana da kuke karantawa kuna murmushi, kada ku yi wa ’yar Gusau dariya. Wacce ce a cikinku ba ta taɓa ƙin cire ɗankwali a gidan biki ba don kunyar abin da ke ƙarƙashi? In ka ga gemun ɗan’uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowacce ta nemi layinta a nan.

Mai gashi mai tauri da ƙananan murɗi, wanda ’yan matan yanzu suke kira 4C: kwandishina duk wanki, sannan ki ƙara da irin wanda ake bari a kai ba a ɗaurayewa, musamman da hunturu, lokacin da iska take tsotse danshin komai har leɓe ya tsage.

Mai rilaksa, da mai rini, da mai yawan gasa gashi da ƙarfen miƙarwa: ku ne kan gaba wajen bukata. Sau ɗaya ko biyu a wata ku sa mai kauri, ku rufe da leda na minti 20 zuwa 30, abin da ake kira stimin a salun. A gida ma yana yiwuwa.

Mai laushin gashi mai santsi, irin na wasu Fulani da Shuwa da Buzaye: kanki ya fi saurin yin maiƙo, don haka za ki fi yawan wanki, wataƙila sau biyu a mako. Kwandishina kaɗan, mara nauyi, a bakin gashi kawai. In kin kai shi tushe, gashin zai kwanta lakwas kamar an zuba masa miya.

Masu lalle a kai: lalle yana ƙarfafa sili, amma yakan bar shi da tauri da bushewa. Ku bi shi da kwandishina ko karkashi.

Masu amosanin kai: ku daina lafta mai a fata kuna cewa bushewa ce. Ƙwayar da ke haddasa amosani maiƙo ne abincinta, kuna ciyar da ita ne. Ku nemi shamfu mai ɗauke da ketoconazole a kemis, ku bar shi a fatar kai kamar minti biyar kafin ɗaurayewa. In kuwa ƙuraje ne masu ruwa, ko gashi yana fita fili-fili kamar an aske da kwabo, ko makero a kan yaro, asibiti za a je wurin likitan fata. Ban yarda a shafa baƙin mai na inji ko ruwan batir ba, na sha jin masu yi.

Masu jego: in gashi ya fara zuba bayan kamar wata uku da haihuwa, kada a ɗora wa kishiya laifi. Sauyin jiki ne, yakan dawo da kansa. In ya ƙi tsayawa, a je a auna jini.

’Yan mata ƙanana: kukan ranar tsifa rabinsa rashin santsi ne. Ku jiƙa kan, ku sa kwandishina kafin ku ɗauki kum, ku daina dungure musu kai kuna cewa ba su da haƙuri.

Maza masu leƙen filinmu, na gan ku. Mai aski duk mako ba ya bukatar kwandishina, gashinsa ba ya daɗewa balle ya tsufa. Amma mai tara suma da mai dogon gemu, ku ma layin mata ya hau kanku. Kuma in matarka ta ce a sayo mata na gyaran kai, ka saya fuska a sake. Kai ne farkon mai cin moriyarsa.

Na dawo gare ki ’yata. Gashi a wata guda kamar santimita ɗaya yake ƙaruwa, saboda haka kada ki wanke sau biyu ki tsaya gaban madubi kina jiran ya sauko kafaɗa. Abin da za ki fara gani shi ne kum ya daina cika, kai ya daina tashi. Ki ba shi wata uku. Kuma ranar wankin farko, ki sayo karkashi ki kai wa surukarki, ki durƙusa ki ce, “Mama, ki koya min yadda kuke yi.” Tsohuwar da aka ce ta koyar ba ta ƙara kiran abin iyayi, kina iya samun ma ita ce za ta zauna ta warware miki kan da hannunta. Kwalbar kwandishinarki kuma tana nan a banɗakinki, ba sai an yi shela ba.

Omo dai a mayar da shi wurin wanki. In na sake jin ya hau kanki, da kaina zan zo Gusau.

Taku har kullum,
Gwaggo.