Kafin Ka Jefar da Ram ɗin Sabar

Ɗana, na ji an ce manhajar gwajin ram ta Memtest86+ ta cika maka allo da jajayen layuka, har ka fara neman kuɗin sabon ram. Ka ɗan dakata tukuna. Alƙali ba ya yanke hukunci da shaidar mutum guda, balle wanda aka san yana rikicewa.

Fara duba sigar da ke hannunka. Ta 5.01, wadda ta fito a 2013, an san ta da daskarewa a wasu injuna idan aka sa ta aiki da dukkan kawunan furosesa lokaci guda, kuma ba ta tashi ta hanyar UEFI. Sai siga ta 6, a 2022, ta zo da tashi ta hanyar UEFI. Ɗauko sabuwar, ka haɗa da MemTest86 ta kamfanin PassMark. Tushensu ɗaya, aikin Chris Brady na 1994, amma yau kowace da hanyarta. In suka saɓa, kada ka zargi ram tukuna.

Abin da ya fi damuna ma shi ne ranar da manhajar za ta ce maka lafiya lau. Ram ɗin sabar yawanci ECC ne, yana gyara ƙaramin kuskure da kansa kafin gwajin ya gani. Sai a kwana ana gwaji ba tabo ko ɗaya, alhali sandar ram ɗin tana lalacewa. Binciken da aka yi kan injunan Google a 2009 ya gano fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna samun kuskure a shekara. Saboda haka ka buɗe rajistar da injin ke rubuta wa kansa, iDRAC in Dell ne, iLO in HP ne, ko EDAC a Linux. Sau da yawa har sunan gurbin za ka gani a can.

Daga nan sai aikin hannu. Kashe injin, zare wayar wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai. Cire sandar da ake zargi, hure ƙurar hunturu daga gurbinta, ka mayar da ita wani gurbin, ka danna har maƙallan biyu su ce ƙas. In kuskuren ya bi ta, ita ce. In ya tsaya a tsohon gurbin, duba babban allo ko mazaunin furosesa, domin fil guda da ya lanƙwashe ya isa ya jawo wannan duka.

Kuma ka riƙa rubuta adireshin kowane kuskure a takarda. Wanda ke dawowa wuri ɗaya ram yake nunawa. Wanda ke yawo nan da can, ka fara bincikar zafi da na'urar ba da wuta.