Alkamar Borno a Kaskon Uwargida

A Maiduguri ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a shekarar 1975, kuma inganta irin alkama yana cikin manyan ayyukanta. Amma har yanzu jama'a da yawa suna zaton alkama ba ta gasuwa sai a gidan burodi, da yisti da tanderu. Mutanen Indiya kuwa a gida suke gasa tasu, a kan faffaɗan kaskon ƙarfe da suke kira tawa. Capati suke ce wa wannan gurasa.

Uwargida za ta auni kofi biyu na garin alkama da aka niƙa da dusarsa, ta barbaɗa gishiri kaɗan, ta riƙa zuba ruwan ɗumi sannu a hankali tana cuɗawa, har ƙullin ya yi laushi ya daina kama hannu. Sai ta rufe shi da tsumma mai danshi ya huta minti 30. Masu gaggawa sukan tsallake wannan hutu, shi ya sa tasu take fitowa da tauri kamar ƙirgi.

Daga nan ta raba ƙullin kashi takwas, ta murje kowanne da kwalba ya yi fale-fale. Lalle kasko ya yi zafi sosai, kuma ba a sa mai. Da gurasar ta fara tasowa nan da can, a juya ta, a danna gefenta da tsumma mai tsabta. Tururin da ya taru a cikinta shi ne yake kumbura ta, ba yisti ba. Wadda ta gasu a sa ta cikin kwano a rufe don kada ta bushe. Ana ci da miyar taushe, ko wake, ko shayi.