Wasiƙa ga Matasan Bakin Tafkin Kainji Kan Gigin Tsufa

Zuwa ga matasan Yauri da Ngaski da Shanga,

Abin da jama'a ke kira gigin tsufa, likitoci kuma ke kira cutar mantuwa, lalacewa ce da ke samun ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har ta taɓa tunani da magana da iya hidimar kai, kuma ba kowane tsoho take kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ita sun haura miliyan 55, mafi yawansu da nau'in da ake kira Alzheimer, wasu kuwa tasu kan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki.

Alamunta na farko ba su da hayaniya, kuma jikan da ke kai wa kakansa abinci ya fi kowa damar lura da su: dattijo ya riƙa maimaita tambayar da aka amsa masa yanzu, lissafin kuɗin albasa ya kuɓuce wa wanda ya ƙare rayuwarsa yana ciniki a kasuwar Yauri, masuncin da ya goge ya zauna da taru a cinya ya rasa ta inda zai fara gyara, ko tsohuwa ta ɓoye kuɗinta ta manta sannan ta zargi surukarta da sata.

Akwai hatsarin da ya keɓanta da wannan yanki. Cutar takan fara share abin da ya faru jiya, ta bar na ƙuruciya daram, alhali da yawa daga dattawan bakin tafki, musamman Gungawa, an haife su ne a tsibirai da ƙauyukan da ruwa ya shafe bayan kammala madatsar Kainji a 1968. Idan irin wannan dattijo ya miƙe da almuru, lokacin da ruɗewa ta fi tsananta, ya ce zai tafi gida, mai yiwuwa gidan da yake nufi yana ƙarƙashin ruwa, kuma bakin kwata zai dosa. Gardama da shi ba ta da amfani. Abin da ya fi shi ne a zauna da shi a ja shi da hirar garin nasa har hankalinsa ya kwanta, a ɗauke filafili daga inda zai gani, a kuma sanar da masu jirage da maƙwabta halin da yake ciki.

A cikin gida, wajibi ne a yi wa rijiya murfi mai nauyi, a kulle maganin feshi da kalanzir da fetur ɗin injin jirgi, tun da sau da yawa a robar ruwan sha ake zuba su, a haskaka hanyar banɗaki da dare, kada kuma a bar dattijon shi kaɗai kusa da murhu. Takarda mai sunansa da lambar wayar ɗansa a aljihun riga tana sauƙaƙa dawo da shi idan ya ɓace. Ɗaure shi ko jifan tsohuwa da zargin maita zalunci ne ga majinyaci.

Ruɗewar da ta zo farat ɗaya tare da zazzaɓi wata cuta ce daban wadda sau da yawa ake warkarwa, don haka a garzaya Babban Asibitin Yauri a ranar. Wadda take ta ƙaruwa wata da watanni kuwa tana bukatar ƙwararru, irin na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, kuma ya kamata wanda ya fi zama da dattijon ya raka shi, domin shi ne zai iya faɗa wa likita lokacin da abin ya soma.