Yadda Ake Kai Ayarin Baƙi Yawon Buɗe Ido a Karkarar Masarautar Gumel

Duk wanda zai jagoranci ɗalibai, ko 'yan ƙungiya, ko dangi su yi kwana uku a ƙasar Gumel, ya kamata ya san abin da zai tarar tun kafin ya ɗauki hayar mota. Babu dogayen duwatsu, babu babban kogi, babu gandun namun daji. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai rairayi, da jigayi nan da can, da gonakin gero har iyakar ganin ido. Abin kallo a Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar shi ne mutanen wurin da aikin da suke yi, kuma wannan aiki yana da ranarsa da watansa. Wanda ya zo ba a kan lokaci ba zai koma yana cewa bai ga komai ba. Don haka shirin duka a kan kalandar mutanen gari ake ɗora shi.

Mataki na farko shi ne zaɓen lokaci. Ku zo da kaka, daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Disamba. A lokacin ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙauye sun bushe, an yi girbin gero, ana roron wake, ana kakkaɓe riɗi, ana cirar soɓorodo, mutane suna da abin hannu da sakin fuska. Hunturu ma yana yi, sai dai hazo kan rufe sarari, sanyin asuba kuma ba na wasa ba ne. Bazara kam ku bar ta. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ba daidai ba ne a fitar da yara ko dattawa daji a irin wannan rana. Ku duba watan azumi kada tafiyar ta faɗa cikinsa, domin ɗora wa mai azumi hidimar baƙi ashirin nauyi ne. A cikin mako kuwa, Alhamis ce ginshiƙi, saboda ita ce ranar kasuwar Maigatari. Ku iso Laraba, ku tashi Asabar.

Mataki na biyu, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne neman izini. Mako biyu kafin tafiya, mutum biyu daga cikinku su je da ƙafarsu, kada a wadatu da waya. Su samu hakimin gundumar da za ku sauka, shi zai haɗa su da dagaci ko bulaman ƙauyen. Su kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma, su kuma sanar da ofishin 'yan sanda adadinku da ranakun da za ku yi. Yanki ne na kan iyaka, kuma baƙuwar mota cike da samari tana yawo a daji ba tare da an san da zuwanta ba tana tayar wa mutane hankali. Ku riƙe goro da ɗan abin gaisuwa. Ku roƙi dagaci ya ba ku ɗan rakiya, mutumin gari wanda ya san gonar kowa da rijiyar kowa, ku kuma yanka masa ladansa tun farko. Da shi za a buɗe muku ƙofofin da kuɗi ba sa buɗewa.

A nan ne za ku daidaita masauki. Cikin garin Gumel akwai gidajen saukar baƙi, kuma daga can Maigatari ba ta kai kilomita 30 ba. Amma in da hali, ku kwana a ƙauye ko da dare ɗaya ne, a wajen Danzomo ko Jeke a Sule Tankarkar, ko Galadi a Maigatari, ko Medu a Gagarawa. Maza su kwana a zauren baƙi ko a ajin makaranta idan ana hutu kuma hukumar ilimi ta amince. Mata a shigar da su cikin gida wurin matan mai masauki, kuma dole a samu babbar mace a cikin ayarin da za ta kula da su.

Kaya ba su da yawa. Tabarma, bargo, gidan sauro, tocila, hula ko malafa, da takalmi rufaffe. Silifa ba ta shiga gona, domin ƙarangiya da tsidau ba sa raga wa baƙo, kuma kaka lokaci ne na kunama da maciji a ƙarƙashin dammunan hatsi da tarin kara. Ku tanadi ruwan sha aƙalla lita uku ga kowane mutum a yini. Ku ɗauki akwatin magani, ku san asibitin da ya fi kusa, ku kuma rubuta lambar direba da ta ɗan rakiya a takarda saboda akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Ku zo da tsabar kuɗi ƙanana. Ayarin kada ya wuce cikin bas ɗaya. In kun fi haka, ku rabu gida biyu, kowane da jagoransa. Daga Kano tafiyar ta haura kilomita 120, ta Ringim da Gujungu, don haka ku tashi da hantsi ku isa kafin la'asar, a yi gaisuwa da rana tsaka.

Ranar Alhamis ku sammako zuwa Maigatari. Kasuwar tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, kuma dabbobi da yawa daga Jamhuriyar Nijar suke gangarowa, daga nan a loda su a tirela zuwa kudancin Najeriya. Kafin ku shiga kara, ɗan rakiya ya kai ku wurin shugabannin dillalai ku gabatar da kanku. Daga nan ku kasu biyar-biyar, ku sa wurin haɗuwa da lokaci, domin kasuwar tana haɗiye mutum. Ku fara da wajen raƙuma tun rana ba ta yi ba. Ku sa a nuna muku bambancin amale da taguwa, da yadda ake duba haƙori a gane shekaru. A wajen shanu ku nemi a rarrabe muku farare bunaji da jajaye rahaji masu dogayen ƙaho da azawak na Nijar. A wajen tumaki, uda mai launi biyu da balami da 'yar ƙasa. Ku tsaya ku saurari ciniki guda ɗaya daga taya har zuwa sallama, ku ga inda dillali yake tsayawa tsakanin mai dabba da mai saye, da yadda ake fitar da la'ada. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya fahimci kasuwanci fiye da yadda allo zai koya masa.

Akwai ƙa'idojin da ba a sassautawa a kara. Ba a tsayawa bayan doki ko raƙumi. Ba a ratsa tsakiyar garke. Idan aka ji ihun sa ya ƙwace, a matsa jikin katanga ko mota, kada a ruga a guje cikin fili. Ba a taya dabbar da ba a da niyyar saye, domin wasa da abincin mutane ne. Hoto kuma sai an tambaya, musamman matan Fulani masu tallar nono da Buzaye masu rawani. Wanda ya ce a'a, a gode masa a wuce. Idan wani mai raƙumi ya yarda a hau, a yi a gefen kasuwa, a biya shi, a kuma riƙe sirdi da kyau lokacin tashi, saboda raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa.

Bayan azahar ku zagaya wajen hatsi da buhunan riɗi da soɓorodo, waɗanda Jigawa ta yi suna da su har ƙasashen waje. Za ku ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da yaren Buzaye, za ku ga 'yan canji da naira da sefa. Iyakar Nijar tana bakin garin. A kalle ta daga inda jami'ai suka yarda, kada a ɗauki hoton shingensu, kuma kada kowa ya tsallaka ba takarda don ya ga 'yan gari suna shiga suna fita.

Juma'a da sassafe ta gona ce. Tun daren Alhamis ɗan rakiya ya samo manomin da yake da aiki a hannu kuma yake son taimako. Ku shiga aikin sosai. Masu ƙarfi su ɗauki dammunan gero zuwa rumbu, su ga yadda ake jera su don kada ruwa ko gara su taɓa. Wasu su yi roron wake. 'Yan mata su zauna da matan gida wajen ɓarar soɓorodo, ko sussuka da sheƙa. Aikin awa biyu ya isa, kafin rana ta take. Abin da aka ba ku na gona ku karɓa, amma kada kowa ya tsinki kankana ko ya tuge gyaɗa da kansa. Idan akwai rijiya mai zurfi a kusa, ku je ku ga yadda ake jan guga, wani wurin da sa ko raƙumi. Wanda ya ja guga ɗaya daga irin wannan rijiya ba zai yi wanka da bokiti biyu a gidan mai masauki ba.

Daga nan ku yi wanka ku shiga Gumel sallar Juma'a, ku ga ƙofar fada. Jagora ya yi wa ayarin bayanin inda suke tsaye. An kafa masarautar wajen shekarar 1750, asalin sarakunanta Mangawa ne, ta yi biyayya ga Barno, kuma ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daular Sakkwato ba. A 1845 aka dawo da hedikwatarta nan daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ratsa garin a 1851 kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da shi babbar kasuwar kanwa. Wannan tarihi ne ya sa za ku ji sarautu irin na Barno a bakin mutane. Idan kuna son gaida Mai Martaba Sarkin Gumel, sai an nemi izini ta hannun hakimi tun da wuri. Masu son ganin dawakan Gumel da ado kuwa sai su sake shiri na daban lokacin hawan salla.

La'asar ta wasa ce. Da kaka ake dambe da kokawa a garuruwa da dama, ɗan rakiya zai san inda ake yi a makon. In babu, ku haɗa ƙwallo ko langa da samarin gari, ku cakuɗa 'yan wasan kada ya zama baƙi da 'yan gida. Bayan isha a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a roƙi wani dattijo ya ba da labarin kafuwar ƙauyen da shekarun fari da ya gani. A kashe wayoyi. Farauta kuwa ban ba da shawararta ba: tana da haɗari ga wanda bai saba ba, kuma abin da ya rage a dajin bai kai a ƙara masa maharba ba.

Asabar da safe ku yi hayar amalanke biyu ko uku ku nufi rugar Fulani, bayan an aika musu tun jiya. Ku isa lokacin tatsa, ku sayi nono da man shanu a farashinsu ba tare da ja-in-ja ba. A hanya ku sa ɗan rakiya ya riƙa kiran sunayen itatuwa, yara suna rubutawa: kuka, aduwa, magarya, kurna, goruba, tsamiya, da dakwara mai ba da ƙaro. Ku daɗe a gindin gawo. Shi yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi a lokacin da ciyawa ta ƙare. Shi ya sa manomi yake kewaye shi da garma. Ku tsaya kuma a layukan darbejiya da aka dasa don tare iska da kwararowar hamada. Jigawa tana cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma a nan ake ganin amfaninsa a fili, idan aka kwatanta gonar da ke bayan layin da wadda iska ke duka kai tsaye. Kada a kunna wuta a ko'ina cikin daji, domin da kaka ciyawa da kara a bushe suke, kuma abincin dabbobin shekara ne.

Kafin ku tashi, ku tattara ledojinku da robobin ruwa ku tafi da su, saboda dabba in ta ci leda tana iya mutuwa. Ku biya kuɗin abinci da itace da ruwa ta hannun ɗan rakiya ko uwargida, domin mai gida zai ji nauyin karɓa a gaban jama'a. Kada a raba wa yara kuɗi ko alewa a titi. In kuna da littattafai ko alli, ku miƙa wa shugaban makaranta. Ku koma wurin dagaci ku yi sallama kamar yadda kuka yi gaisuwar zuwa. In lokaci ya rage, ku ratsa ta Gagarawa Tasha ku ga layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930 ya yi ta jigilar gyaɗar wannan yanki. Ku bar can da wuri yadda za ku wuce Gujungu da sauran rana, direba bai yi tuƙin dare ba.